Neman kalmar Hausa: me za mu kira dafin bakteriya mai lalata jajayen ƙwayoyin jini?

Assalamu alaikum. Ina neman gudummawar malaman Hausa da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, da duk wanda kunnensa ke rarrabe kalmar da ta zauna daram da wadda aka cusa da ƙarfi. Ina shirya darasi da Hausa kan yadda ake gane bakteriya, sai kalmomi biyu suka tsare mini hanya. Ta farko himolisis: abin da ke faruwa idan bangon jar ƙwayar jini ya yage, jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinta, wato himoglobin, ya malale waje. Ta biyu himolaisin: abin da wasu bakteriya ke fitarwa su yi wannan ɓarnar. Asalinsu Girkanci ne, rabin farko "jini", na biyu "kwancewa". Aron su kai tsaye bai kwanta mini ba. Ma'aikacin Kano zai ce himolisis, na Damagaram da ya yi karatu da Faransanci zai ce emoliz, uwar yaron da ke jiran sakamako a bakin taga kuwa ba ta gane ko ɗaya ba.

Kafin a fara kawo sunaye, ga abin da ido ke gani.

Ana dafa abincin bakteriya da aga, wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na minti 15. A sauke, a bar shi ya huce zuwa digiri 45 ko 50, yadda za ka riƙe kwalbar a tafin hannu ba ta ƙona ka ba. Sannan a zuba jinin tunkiya, kashi 5 cikin 100, a juya a hankali kada ya yi kumfa, a tsiyaya a farantai. In aka zuba jinin da sauran zafi sosai, ƙwayoyin sun dahu, farantin ya koma ruwan ƙasa, ba zai nuna abin da muke nema ba. In an yi daidai, ja wur yake fitowa, ba a hango komai ta cikinsa. Sai a shafa samfurin, a ce wanda aka lakato daga maƙogwaron yaro, a saka a akwatin ɗumi a digiri 37, a dawo washegari. Ka ɗauki farantin ka ɗaga shi zuwa haske.

Wasu ɗigon tsiron ba su taɓa jan da ke kewaye da su ba. Wasu sun yi wani dishi-dishin kore a gefensu. Wasu kuwa kowane ɗigo ya zagaye kansa da zobe garau, ja ya ɓace ƙaf, har in ka aza farantin a kan jarida za ka karanta rubutu ta cikin zoben. Hugo Schottmüller na Jamus ne ya fara rarrabe dangin bakteriyar Streptococcus ta wannan hanya a 1903, James Howard Brown kuma a Amurka ya ba su sunayen da ake amfani da su har yau a 1919: alfa mai kore, beta mai zobe garau, gama wadda ba ta yi komai ba. Zoben nan garau shi ne aikin abin da nake nema wa suna.

To, bismilla. Ga amsata ga sunayen da aka fara kawowa.

Malam, na gode da "narka-jini". Ita ce ta fi kusa da Girkancin, kuma wanda ya kalli farantin zai rantse jan narkewa ya yi. Abu biyu suka hana ni ɗauka. Na ɗaya, ba abin da ya narke. In ka duba da madubin likita bayan an gama ɓarnar, ɓawon ƙwayoyin yana nan, fanko, abin cikinsu ne ya fita. Na biyu, a asibiti in aka ce narkar da jini, gudan jini ake nufi, irin wanda ke toshe jijiya. Wannan Streptococcus ɗin ma tana da wani sinadari dabam mai narkar da gudan jini, wanda William Tillett ya gano a 1933, daga baya aka mai da shi magani ga wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe. Ka ga "narka" tana da mai ita. In muka kashe ta a nan, gobe za mu rasa abin da za mu kira wancan.

Hajiya, "tsinka-jini" ta yi daɗi a baki ƙwarai, amma ita ma an riga mu. Masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki sun san maganin tsinka jini, wato mai hana shi daskarewa. Kuma ki tuna saran kububuwa. A asibitin masu saran maciji na Kaltungo da makamantansa, ana ɗibar jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata. In ya zubo kamar ruwa, an san dafi ya shiga. Wannan shi ne jini ya tsinke. Jajayen ƙwayoyin suna nan lafiyarsu lau, abin da ke sa jini daskarewa ne ya ƙare. In muka ba abu biyun suna ɗaya, ranar da ma'aikaci zai yi wa dangin maras lafiya bayani, ruɗe su zai yi.

Wanda ya kawo "sha-jini", na gane inda ka dosa, kuma akwai gaskiya a ciki. Wajen kashi biyu cikin uku na sinadarin ƙarfen da ke jikin mutum yana kulle ne a cikin himoglobin, yawancin bakteriya kuma ba sa yaɗuwa sai da ƙarfe, don haka buɗe ƙwayar jini riba ce gare su. Sai dai ka san abin da "shan jini" ke tayarwa a zuciyar Bahaushe. Ba na so uwa ta fita daga asibiti tana zargin maƙwabciyarta.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni aiki. Likita, ka ce "huda-jini", hujjarka kuma ita ce yawancin waɗannan abubuwa huda bangon ƙwayar suke yi. Haka ne, kuma ya kamata masu bin zaren nan su ji yadda abin yake, don yana da ban mamaki.

Ɗauki Staphylococcus aureus, mai kawo maruru. Tana sakin dafinta ne ɗaiɗai, kowane guda yana yawo cikin ruwa ba ya cutar da komai. In suka sami bangon ƙwaya sai su manne, bakwai su haɗu su yi zobe, sannan su tura wani siririn bututu ya ratsa bangon. An ga siffar wannan abu filla-filla a 1996, a ɗakin binciken Eric Gouaux, bayan an daskarar da shi an haska masa hasken eksire. Inda bututun ya fi ƙunci bai wuce nanomita 1.4 ba, nanomita kuwa milimita ɗaya ce aka raba gida miliyan. Himoglobin ya fi wannan ƙofa girma nesa ba kusa ba. To ta ina yake fita?

Ba ta ƙofar yake fita ba. Gishiri ne ke bi ta ƙofar ya shiga, ruwa ya bi shi, manyan sinadaran da ke ciki kuma ba su da hanyar fita, sai ƙara jan ruwa suke yi. Ƙwayar ta yi ta kumbura kamar balan-balan da aka ƙi daina hurawa, har ta yi bindiga. Masu bincike sun tabbatar da haka da wata dabara mai sauƙi. Sukan zuba wasu manyan sinadarai, irin su dekstiran, a ruwan da ƙwayoyin ke ciki, waɗanda suka fi ƙarfin ƙofar. Su ma sai su riƙa jan ruwa ta waje, ƙarfi ya zo ɗaya, ƙwayar ta zauna a huje amma ba ta fashe ba. In ka riƙa canza girman sinadarin, daga ƙanana zuwa manya, inda fashewar ta tsaya nan ne faɗin ƙofar. Da haka aka auna ƙofofin dafi da dama tun kafin a iya ganinsu. Akwai kuma masu babbar ƙofa: na Streptococcus pyogenes, wanda ake kira istireptolaisin O, yana neman kolastarol a bangon ƙwaya, gomiya-gomiya suke haɗuwa, ƙofarsu takan kai nanomita 30.

Ka ga ke nan, Likita, hudawa mataki ne, kuma ana iya huda ƙwaya ba ta zubar da komai ba. Abin da muke gani a faranti, abin da kuma muke aunawa, fashewa ce.

Sannan ba duka ne ke huda ba. Clostridium perfringens, mai ruɓar da rauni har nama ya riƙa fitar da iska, babban dafinta yanka kitsen da aka gina bangon ƙwayar da shi yake yi, har bangon ya rushe. Marjorie Macfarlane da abokin aikinta Knight ne suka nuna haka a Landan a 1941, kuma shi ne dafin bakteriya na farko da aka tabbatar cewa irin sinadaran nan ne masu yanka wasu sinadarai, wato enzayim. Shi ya sa ake gwada shi a farantin da aka haɗa da gwaiduwar ƙwai, don gwaiduwa cike take da irin wannan kitsen. Staphylococcus ma tana da wani irinsa, mai halin ban mamaki: a digiri 37 yana raunana ƙwayoyin jinin tunkiya ba su fashe sosai ba, sai ka saka farantin a firji sannan su tarwatse. "Huda" ba za ta ɗauki waɗannan ba. Shawarata mu riƙe ta don rabe-rabe: mai huda bango, da mai cin bango. Uwar kalmar kuma ta fito daga "fasa".

Wani ɗalibi ya tambaya yadda ake aunawa, tunda faranti "akwai" ko "babu" kawai yake cewa. Ƙanena, ga shi a gajarce. A wanke jajayen ƙwayoyin da ruwan gishiri har ruwan saman ya fito fari, a tsarma su zuwa kashi 1 ko 2 cikin 100. A jera kwalabe, a zuba dafin a ta farko, a raba ƙarfinsa biyu a ta biyu, a sake rabawa a ta uku, haka har ƙarshe. A zuba ƙwayoyin, a bar su a digiri 37 kamar rabin awa ko awa guda, a juya a injin juya jini. Kwalbar da ba abin da ya same ta, za ka ga ɗan ƙulli ja a gindi, ruwa fari a sama. Wadda ta fashe, ruwan duka ya zama ja mai sheƙi, gindin ba komai. Injin auna haske, a tsawon nanomita 540, shi zai faɗi yawan jan. Ana ajiye kwalba ɗaya da zallan ruwa, domin zallan ruwa na fasa su duka, ita ce ɗari bisa ɗari. Yawan dafin da ya fasa rabi shi ake ɗauka ma'auni guda.

Mu dawo kan ginin kalmar, don "fasa" tana da tarko. In ka bi ƙa'idar ma- da -i, kamar marubuci da maɗinki, "mafashi" za ka samu, kowa kuma ya san mafashi. "Fashin jini" ta fi muni, don "fashi" ta riga ta tafi wajen 'yan fashi da fashin salla. Saura hanya ɗaya, irin ta fasa-ƙwauri da hana-salla da dafa-duka: fasa-jini. Ga abin da ke faruwa kuma, "fashewa" ba ta da kishiya: fashewar jajayen ƙwayoyin jini, a gajarce fashewar jini.

Malam ya ɗaga hannu ya ce ba a fasa ruwa, jini kuwa ruwa ne. Allah ya ƙara sani, Malam, maganarka dutse. Daidai ɗin shi ne "fasa-ƙwaya", to amma ka faɗi haka a gaban matasa ka ji inda hankalinsu zai tafi. Kuma na sha ji a bakin abokan aiki, idan aka kawo jini a kwalba aka juya shi ruwan samansa ya fito ja maimakon ruwan ɗorawa, sai su ce jinin ya fashe, a sake ɗiba. Siririyar allura ce ta jawo, ko jijjiga kwalba, ko barin ta a rana, kuma in aka yi gwaji da shi a haka sai sinadarin fotashiyam ya nuna ya hau alhali ƙarya ne. Bakin ma'aikata ya riga ya karɓi kalmar. Ni a wurina wannan ya fi ƙarfin ƙa'ida.

Guba ko dafi? Nan ban ga abin jayayya ba. Guba ci ko sha ake yi. Dafi na maciji ne da kunama da kibiya, a tsoka da jini yake aiki, kuma mai rai ne ke haɗa shi don ya cuci wani mai rai. Dafin fasa-jini ke nan.

Na gwada kalmar a wurare uku in ga ko za ta ɗauki kaya.

A faranti ma ta fi baƙin sunayen gaskiya. Koren nan da ake kira alfa, irin na Streptococcus pneumoniae mai kawo ciwon huhu da sanƙarau, yawanci ba fashewa ba ce. Bakteriyar ce ke fitar da haidirojin feroksaid ya sauya launin himoglobin, ƙwayoyin kuma akasarinsu suna nan. Ga wani ruɗanin: dafin Staphylococcus mai bakwai ɗin nan sunansa alfa, amma zoben da yake yi na beta ne. Ɗalibai na shan wahala a nan ba gaira ba dalili. Da Hausa sai mu ce zobe garau, da rinin kore, da ba-sauyi, mu bar "fashewa" ga na farkon kaɗai.

A cututtukan da ba na bakteriya ba kuma, "fashewar jini" ta hau kan zazzaɓin cizon sauro da sikila, da masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyi, waɗanda wasu magunguna ke fasa musu ƙwayoyi. Da ita za ka iya gaya wa uba dalilin da idon ɗansa ya yi shawara, fitsarinsa ya yi duhu, a jimla biyu.

Na uku gwajin ASO, wanda E. W. Todd ya kawo a 1932, wato gwajin neman garkuwar jiki a kan istireptolaisin O ɗin nan na Streptococcus pyogenes. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro ya warke, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓi suka kama ciwo, ana tsoron zazzaɓin nan da ke lalata ƙofofin zuciya. Bakteriyar ta riga ta tafi, amma jiki ya ƙera garkuwa a kan dafinta. A asalin gwajin, sai a haɗa ruwan jinin yaron da dafin, a zuba jajayen ƙwayoyi. In ba su fashe ba, garkuwar tana nan. Da Hausa: ana neman abin da ke hana dafin fasa-jini aiki. Ta zauna. Harafin O ɗin kuwa daga oksijin yake, don iska na kashe ƙarfin wannan dafi, shi ya sa ake soka wayar shuka cikin agan a wuri biyu ko uku, fashewar ta fi fitowa a ƙarƙashi inda iska ba ta kai ba.

'Yar'uwa daga Maraɗi ta tambaya me ya sa sai jinin tunkiya, alhali ga jinin mutum da ya kwana biyu a ma'ajiya. Ɗakunan gwaji da yawa a ƙasashenmu da shi suke amfani don shi ke kusa, amma yakan zo da garkuwar mai shi ko saurar maganin da ya sha, zoben kuma ba ya fita sosai, ga haɗarin cutar da ke bin jini. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna jinin tumaki masu gashi, irin na ƙasashen zafi, yana yin aikin daidai da na masu ulu. Balami da Uda da 'Yankasa duk masu gashi ne. Abin yana ci mini rai, a ce ga tumaki a kowane lungu amma faranti mai kyau ya gagara.

Irin dabbar ma yana canza amsa, kuma nan ne iyakar kalmarmu take. Dafin nan mai bakwai yana fasa ƙwayoyin zomo cikin sauƙi, na mutum kuwa sai an ninka shi ninkin ba ninkin. A 2010 aka gano dalili: yana buƙatar wata mariƙa a bangon ƙwaya mai suna ADAM10, zomo na da ita da yawa a jajayen ƙwayoyinsa, mutum kaɗan. A jikin mutum ɓarnarsa ta fi yawa a huhu da fata da fararen ƙwayoyin jini. Na Listeria ma, babban aikinsa shi ne ya buɗe wa bakteriyar hanya ta kuɓuce daga cikin jakar da farar ƙwaya ta haɗiye ta. Jar ƙwaya dai ita ce mai saurin tona asiri, don ba ta da cibiya, ba ta iya gyaran kanta sosai, kuma in ta fashe launi ke shaida. Don haka duk wanda zai koyar da "fasa-jini" ya gaya wa ɗalibai cewa sunan daga gwajin ya fito, aikin dafin ya fi sunan faɗi.

Kwalara ta nuna haka ƙarara. A 1905, a sansanin keɓe alhazai na El Tor a gaɓar Sina'i, Felix Gotschlich ya sami wata bakteriya mai kama da ta kwalara a cikin alhazan da suka rasu a hanyar dawowa daga Makka. Abin da aka daɗe ana bambanta ta da tsohuwar kwalara da shi shi ne ita tana fasa jinin akuya ko tunkiya, waccan ba ta yi. Ita ce ta tashi daga Sulawesi ta Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. Amma amai da gudawan da take kashe mutane da su aikin wani dafi ne dabam, kuma da annobar ta yaɗu sai aka riƙa samun irinta da ba ta fasa jinin, har aka koma ga wasu gwaje-gwajen don gane ta.

Abin da zan saka a darasin: fashewar jini, da dafin fasa-jini, jam'insa dafukan fasa-jini in malamai sun yarda da wannan jam'i, in ba haka ba nau'o'in dafin fasa-jini. Masu tsoron a karanta "fasa" ta fasa tafiya, karan ɗorin da ke tsakani da kalmar "dafi" a gaba sun isa su tsare.

Saura babbar kalmar da ta haɗa duka, wadda masu bincike ke kira saitolaisin, dafin da ke fasa kowace irin ƙwayar halitta, ja ko fara ko ta huhu. "Fasa-ƙwaya" ta faɗi, "fasa-halitta" ta yi girma da yawa. Mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram da Gaya, in akwai wata kalma a bakinku ta ɗan ƙaramin ɗaki ko jaka mai rai wadda ba "ƙwaya" ba, ku kawo ta. Ku kuma gaya mini in "fasa-jini" na da wata ma'ana a garinku kafin in miƙa darasin ga ɗalibai.